Amsa ga Alhaji kan foman da yaran da suka fito daga gidan gyaran hali

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar zaure. Alhaji, na saurari muryarka tun da safe, sai yanzu na samu zama. Ga wanda bai ji ba, Alhaji ya ce ya ɗauki samari biyu a wurin kafintarsa, dukansu sun fito daga gidan gyaran hali, hannunsu kuma yana da kyau a aiki, amma foman ɗinsa ya sa su a gaba, har ɗayan ya fara maganar barin aikin. Yana tambaya ko ya sallame su kowa ya huta, ko kuwa akwai horon da ake ba masu kula da ma'aikata a kan irin wannan. To, ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Alhaji, don Allah kar ka sallame su, kuma kar ka yi saurin ɗora wa foman laifi. Kai ka ɗauke su, Allah ya saka maka da alheri, amma sau nawa kake leƙa wurin aikin a rana? Shi ne yake tare da su tun takwas na safe har magariba. Shi ke raba aiki, shi ke cewa wane ya makara, makullin sito yana aljihunsa. Zaman yaran nan ko tafiyarsu a hannunsa yake. Saboda haka horon shi za a ba, kuma farkon horon shi ne ka zaunar da shi ka ji tsoronsa. Na tabbata in ya sake da kai zai ce maka, ranka ya daɗe, in injin huda katako ya ɓace ni za ka cire wa a albashi. Kuma gaskiyarsa ce. Mutumin da aka ɗora wa asara a wuya, aka kawo masa wanda ya ji an ce ya taɓa zama kurkuku, ba a yi masa bayanin komai ba, dole ya riƙa kallonsa da wani ido.

To ka fara cire masa wannan tsoron. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A gyara sito. A ajiye littafi, duk wanda ya ɗauki zarto ko injin goge katako ko gwangwanin fenti ya sa hannu, in ya dawo da shi ya sake sa hannu. Kowa da kowa, har ɗan yayarka da ke aiki a wurin, har shi foman ɗin. A ƙirga kaya duk yamma kafin a tashi. Ranar da wani abu ya ɓace, littafin za a buɗe. Domin abin da ya fi karya wa irin yaran nan gwiwa shi ne wannan lokacin, a ce ina kaza, sai wuri ya yi tsit, sai idanu goma su juya kan mutum ɗaya, shi kuma yana riƙe da guduma bai san ma me ake nema ba. Ko daga baya an ga kayan a ƙarƙashin benci, wallahi kallon nan ba ya goguwa a zuciyarsa. Foman ya koyi cewa in za a bincika jaka, a bincika ta kowa ko a bar ta kowa.

Akwai kuma abin da yawancin masu kula da ma'aikata ba su sani ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya masu jiran shari'a ne, kotu ba ta yanke musu hukunci ba. Wani an kwaso shi a samame, wani ya rasa mai tsaya masa a beli, wani ya shekara biyu ko uku a Kurmawa ko Goron Dutse sannan alƙali ya sallame shi babu laifi. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Amma a unguwa duk sunansu ɗaya, tsohon fursuna. Foman ya san wannan kafin ya buɗe baki.

Sannan sirri. Kai mai wurin, ya kamata ka san abin da ya kai yaro gidan yari, ka tambaye shi ku biyu, cikin mutunci. Akwai dalili. Wanda aka kama da laifin da ya shafi kuɗi ba za ka fara da ba shi karɓar kuɗin kwastoma ba, wanda laifinsa ya shafi cutar da yara ko mata ba za ka tura shi ɗaura gado a cikin gidan mutane ba. Wannan hankali ne, addini ma bai hana ba, an ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Shi foman abin da ya shafi raba aiki kawai za ka gaya masa. Sauran ma'aikata kuwa babu ruwansu, sai in yaron ne da kansa ya ga dama ya faɗa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi. Kuma foman ya hana laƙabi tun ranar farko. Irin su ɗan Kurmawa, ɗan gidan kaso, da sunan wasa ake farawa. In shi babba ya yi dariya sau ɗaya, shi ke nan, ya ba yara lasisi.

Yanzu bari in ɗan daɗe a kan halin wanda ya fito, don nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Mutumin da ya yi shekaru a ciki, an saba masa da cewa komai sai an ce yi. Lokacin tashi, lokacin abinci, lokacin kulle ɗaki, duk wani ne ke faɗa. Sai ka ga ya gama goge ƙofar da aka ba shi, ya ajiye, ya tsaya yana jira. Foman ya hango shi ya ce ga malalaci. Alhali a inda ya fito, wanda ya taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba shi ke shan wahala. Wani in an kira sunansa da ƙarfi sai ka ga ya tsuguna, kamar gaban gandiroba. Wani zai zo neman izinin zagayawa. Wani kuma akasin haka, tsawa kaɗan sai jikinsa ya hau rawa, ido ya yi ja, don a can duk wanda ya bari aka raina shi ya shiga uku. Abin da ake koya wa foman a nan ba shi da wuya. Da safe ya jera masa aikin yini gaba ɗaya, in ka gama wannan ka shiga wancan, ba sai ka tambaye ni ba. In zai yi masa gyara ya ja shi gefe, ya faɗi abin da ya lalace a aikin, ya nuna masa yadda ake yi, kar ya haɗa da inda ya fito. Kuma ya haɗa shi da wani dattijon ma'aikaci mai haƙuri na wata biyu ko uku, wanda zai iya tambaya ba tare da jin kunya ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke sa a ce yaro ba ya son aiki. Wanda ke kan beli yana da ranar kotu, kuma kun san yadda ake ɗage shari'a, ya je ya wuni a ce sai wata mai zuwa. In bai je ba a soke belin. Ya kawo ranakun tun da wuri a rubuta, kar a lissafa masa a fashin aiki. Wani asusunsa na banki ya daina aiki saboda daɗewa, wani ba shi da NIN, layin wayarsa ma an ba wani. A ba shi rabin yini ya je ya gyara. Haka ma'aikaciyar da mijinta ke tsare, ko yaron da babansa ke ciki, su ma abin ya shafe su, ranar ziyara suna bukatar uzuri.

Hajiya ta rubuta a ƙasan muryarka cewa tausayi ne ke sa a cuci mutum. Hajiya, na yarda da ke rabi. Tausayin da zai sa a kau da kai daga laifi cutarwa ne, har ga shi yaron. In ya makara a yi masa abin da ake yi wa kowa. In an kama shi da sata da hujja a sallame shi kamar yadda za a sallami kowa. Foman ya san kana bayansa a kan wannan, shi ma zai samu natsuwa. Abin da nake roƙo kawai a auna shi da mudun da ake auna sauran.

Kuma kar ka ɗauka kai kaɗai ne ka taɓa gwada wannan. A Ingila akwai kamfanin Timpson, masu gyaran takalma da yanka makulli, kusan ɗaya cikin goma na ma'aikatansu sun taɓa zama gidan yari, har cikin kurkuku suke buɗe wuraren koyar da sana'ar. Ku duba fa, yanka makulli. Shugaban kamfanin na wancan lokacin, James Timpson, shi aka naɗa ministan kula da gidajen yari a 2024. Mu ma a nan, dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta mayar da sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya fito, ta kuma hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci. A cikin gidajen ana koyar da kafinta da ɗinki da walda, wasu ma suna digiri da NOUN, jami'ar karatu daga gida. Ka tambayi yaranka ko suna da wata takarda. Mu da muke karanta Suratu Yusuf kuwa mun san daga kurkuku Annabi Yusuf, alaihissalam, ya fito aka damƙa masa taskokin Masar.

Game da yadda za a yi horon, ba sai ka kama ɗakin taro a otal ba. Zama uku ya isa a fara, ranar Asabar bayan an tashi, kai da foman da mai kula da sito. Ku riƙa gwadawa a aikace. Kai ka zama yaron, ka ce wa foman injin ya ɓace, nuna min yadda za ka yi. Ka ce masa na zo ƙarfe goma, yi min magana in ji. Za ka ji kalmomin da ke fita daga bakinsa, ku gyara su tare. Abin da kuka amince a kai a rubuta a takarda ɗaya a manna a bango, ya zama dokar kowa. Bayan wata guda ka kira shi shi kaɗai, ka kira yaran su kaɗai, ka ji ta bakin kowa. In ka ga ya yi ƙoƙari ka yaba masa a gaban mutane, ko da ɗan ƙari a albashi, don aikin da ka ɗora masa ya ƙaru.

Shi wanda ke maganar tafiya, ka kira shi gobe da safe kafin ya yanke shawara, ka ce ya ba ka wata ɗaya. Foman kuma ku zauna kafin Asabar. Abin da ya gaya maka ka turo min ta gefe, sai mu tsara zaman farko tare. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Wassalamu alaikum.