Ɗana tsohon soja ne a Amurka, an ninka masa magani

TAMBAYA: Malam, ɗana ya yi aikin soja a Amurka, yanzu ya aje kaki. Bara a asibitin tsoffin sojoji aka ba shi maganin tsinka jini ninkin abin da likita ya rubuta. Ya yi ta haɓo, dasashinsa yana zubar da jini, har aka ba shi gado. Dangi sun ce ƙaddara ce, wai kuma soja ba ya ƙarar gwamnati. Haka ne?
Wata uwa daga Birni, Damagaram

AMSA: Hajiya, sannu, Allah ya ƙara masa lafiya. Maganar dangi tana da tushe, amma ba ta hau kan ɗanki ba. A 1950 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Feres, ta hana sojan da ke bakin aiki kai gwamnati kotu kan cutarwar da ta same shi ta dalilin aikin soja, ko da likitan soja ne ya cutar da shi. Sai a ƙarshen 2019 aka ɗan sassauta, aka ce ya nemi diyya wajen ma'aikatar tsaro.

Wanda ya tuɓe kaki kuwa hanyarsa daban. Wata dokar Amurka ta 1946 ta ba shi damar bin gwamnatin tarayya kanta, ba ma'aikacin da ya ƙirga ƙwayoyin ba. Zai cika takardar da ake kira SF-95, ya miƙa wa ma'aikatar tsoffin sojoji, ya rubuta adadin kuɗin da yake nema. Ya nutsu a nan, don da wuya a bari ya ƙara daga baya. Suna da wata 6 su amsa. In sun ƙi, shi ma yana da wata 6 ya garzaya kotun tarayya.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kin ce bara ne. Wa'adin shekara 2 ne kacal daga lokacin da ya gane an cutar da shi, in ya wuce ba mai saurarensa. Imani da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba, addini ma ya san diyya.

Kada ya yar da robar maganin, domin takardar jikinta tana ɗauke da sunansa, kwanan wata da ƙarfin ƙwayar. Ya karɓi kofin fayil ɗinsa da sakamakon awon jini. Kuɗin lauya kar ya tsorata shi: doka ta hana lauya cin fiye da kashi 20 cikin 100 in an sasanta da ma'aikatar, ko 25 in an shiga kotu.

Ki kira shi yau, Hajiya, ki tambaye shi ranar da aka kwantar da shi.