Me ya sa sojojin Rum suka fi bin kwamandansu a kan Majalisa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa sojojin Rum suka riƙa juya wa Majalisar Dattawa baya. A ganina, tushen abin gona ne. A da, sai mai dukiya ake ɗauka soja. A shekarar 107 kafin haihuwar Annabi Isa, wani kwamanda mai suna Mariyus ya ɗebi talakawa marasa ko taƙin gona ya sa su aikin soja. Idan an gama yaƙi, kwamandansu ne ke fafutukar samo musu fili, Majalisa kuwa sai jan ƙafa. To, wa za su bi?

Shi ya sa wani kwamanda mai suna Sulla ya afka wa birnin Rum da rundunarsa a shekarar 88 kafin haihuwar Annabi Isa, wani kwamandan kuma, Yuliyus Kaisar, ya ƙetare kogin Rubikon, iyakar da doka ta hana shi wucewa da runduna, a shekarar 49 kafin haihuwar Annabi Isa. Laifin dattawan nan ya fi na sojojin yawa, domin rowarsu ce ta jawo.