Giyar Silverado ta ƙi daidaita bayan an sauke ta an gyara: daga ina za a fara bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura ƙirar Chevrolet Silverado 1500 ta shekarar 2003, mai injin 5.3 da giya otomatik. Watanni biyu da suka wuce giyar ta daina shiga ta uku da ta huɗu, sai bakanike ya sauke ta, ya canza mata faiba (faya-fayan da ke kama juna a cikin kulocin giya) da sil (robar da ke hana mai zurarewa) da solinoyid (bawul mai aiki da wutar lantarki), ya mayar. Tun daga lokacin abubuwa uku suke damuna. Idan motar ta yi zafi, injin yakan ɗaga murya kamar an zare giya kafin ta kama ta uku daga ta biyu. Idan na yi doguwar tafiya a babban titi na tsaya, sai ta riƙa shiga ta biyu da duka mai ƙarfi, amma in na kashe na sake tayarwa sai dukan ya ɓace. Sau biyu kuma ta tashi da nauyi ƙwarai kamar ba a giya ta ɗaya take ba, fitilar injin ta kama. Bakanikena ya ce in ci gaba da hawa, sabbin kaya ne ba su zauna ba tukuna, wani kuma ya ce a sake sauke ta. Wace shawara zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu a yanzu. Ci gaba da hawa zai iya ƙone maka sabbin faiban da ka biya kuɗinsu, sake sauke giyar kuma ba tare da an gane inda ciwon yake ba zai iya sa a mayar da ita da matsalar da aka sauke ta da ita, domin biyu daga cikin alamun da ka lissafa ana iya magance su giyar tana ɗaure a jikin mota.

Giyar da ke cikin motarka ita ce 4L60E, mai hawa huɗu, wadda kamfanin General Motors ya fara sanyawa a motocinsa a 1993. Kwamfutar mota ce, wadda makanikai ke kira burenbos, take yanke lokacin canjin giya ta hanyar solinoyid guda biyu. Idan duka biyun suna da wuta, giya ta ɗaya ce; idan na farko ya mutu na biyu yana kunne, ta biyu ce; idan duka biyun ba su da wuta, ta uku ce; idan na farko ya dawo shi kaɗai, ta huɗu ce. Daga wannan tsari kaɗai za ka fahimci alamarka ta ƙarshe: duk lokacin da wuta ta yanke wa giyar, ko da na ɗan lokaci ne, ba ta da zaɓi sai ta zauna a ta uku, kuma mota mai nauyin Silverado da ta tashi a giya ta uku dole ta ji kamar an ɗaure mata tirela a baya. Wannan aikin mai wayarin ne. A sa na'urar duba mota a karanta lambobin matsala da kwamfutar ta ajiye kafin kowa ya goge su. Idan aka ga P0740, P0753, P0758, P0785 da P1860 sun fito tare, ko mafi yawansu, to ba solinoyid biyar ɗin da lambobin ke nunawa ne suka lalace a rana ɗaya ba, waya ɗaya ce da ke ciyar da su duka ta rasa wuta. A duba fiyus, a duba makunnin da ake murɗa makulli a cikinsa, wanda ya yi suna wajen haddasa wannan matsala a motocin kamfanin na wancan zamani, sannan a zare babban soket ɗin da ke gefen giyar a haska shi da tocila. Fil ɗaya da ya lanƙwashe lokacin da ake mayar da giya, ko mai da ya tsattsafo ya cika soket ɗin, ya isa ya jawo abin da ka gani. Idan ana son tabbatar da lafiyar solinoyid ɗin, mitar auna lantarki za ta nuna kimanin om 20 zuwa 30 a kan kowanne daga cikin biyun da ke canza giya.

Dukan da kake ji tsakanin ta ɗaya da ta biyu bayan doguwar tafiya shi ma yana da fassara sananniya, kuma abin da ya tona shi shi ne yadda yake ɓacewa in ka kashe motar. Ƙarfe da ya karye ba ya warkewa don an murɗa makulli. Abin da ke faruwa shi ne, a kan babban titi kulocin da ke cikin konbata, wato tulun man da ke haɗa injin da giya, yana kama injin da giya su juya tare, kuma idan kwamfutar ta ga yana zamewa fiye da kima sai ta ajiye lambar P1870, ta kuma ɗaga ƙarfin mai zuwa ƙololuwa don ta kare faiba daga ƙonewa. Wannan ƙarfin ne kake ji a matsayin duka. Mafi yawan lokaci tushen abin yana cikin balbodi, wato farantin alminiyum mai hanyoyin mai da ke ƙarƙashin giyar: ramin da bawul ɗin kulocin konbata ke kai-komo a cikinsa yana cinyewa da shekaru, mai ya riƙa sulalewa ta gefe, musamman in ya yi zafi ya tsinke. Makanikai da yawa suna canza faiba da sil su wanke balbodi da fetur su mayar da shi yadda yake, ga shi fes a ido alhali ramin ya riga ya faɗaɗa. Ka tambayi naka ko ya gyara wannan rami ko ya canza balbodin, ka kuma tambaye shi ko ya sa sabuwar konbata ko tsohuwar ya mayar. Balbodi ana kwance shi ta ƙasa bayan an cire tasar mai, ba sai an sauke giya ba. A cikin biyun, konbata ce kaɗai ke buƙatar a sauke giya.

Alamar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta farko, wato ɗaga muryar injin tsakanin ta biyu da ta uku. A wannan canji abubuwa biyu ne ke faruwa cikin ƙasa da daƙiƙa guda: ɗamarar da ke riƙe da giya ta biyu tana saki, kulocin da ke ɗauke da ta uku da ta huɗu yana kamawa, kuma mai ɗaya ne ke yin aikin biyu. Idan ɗamarar ta saki kafin kulocin ya gama kamawa, injin zai sami kansa ba kaya na ɗan lokaci, shi ne ihun da kake ji, kuma a kowane ihu faiban suna gogar juna suna cin wuta. Wannan kuloci shi ne raunin 4L60E da kowa ya sani, kuma daga bayaninka shi ne ya ƙone tun farko har ka rasa ta uku da ta huɗu. Tambayar da ya kamata a yi ita ce me ya ƙone shi a karon farko, domin idan ba a gano wannan ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi.

A fara da abin da bai kai ya kawo ba, wato yawan mai. Ana duba geji ne injin yana silo, giya tana P, mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, man kuma ya yi zafin aiki, tsakanin digiri 82 da 93 a ma'aunin Salshiyas. Giyar da aka sauke aka zazzage tana cin kusan lita 11 tare da konbata, kuma sau da yawa akan zuba, a duba da sanyi, a sallami mai mota alhali da saura. Man da ya dace shi ne Dexron III ko Dexron VI da ya gaje shi. Ka goga gejin a farin ƙyalle ka duba da kanka: ja mai haske alama ce ta lafiya, ruwan ƙasa mai ƙaurin ƙuna yana nufin faiba sun fara tafiya, kumfa kuwa tana nufin famfo yana zuƙar iska. Iskar takan shiga ne ta ƙaramin sil ɗin da wuyan filta ke shiga cikinsa, idan an bar tsohon ko an buga sabon a karkace, ko kuma idan an sa filtar da ba ta dace da zurfin tasar ba, domin wannan giya tana da tasa mai zurfi da marar zurfi, kowacce da filtarta.

Idan mai ya cika kuma yana da tsabta, sai a auna ƙarfinsa, kuma a nan ne ake bambance bakaniken da ke bincike da wanda ke canke. A gefen direba na jikin giyar akwai wani ɗan ƙaramin toshi da ake kwancewa a ɗaura agogon auna ƙarfin mai. A silo ana sa ran ganin kimanin 55 zuwa 65 a ma'aunin ƙarfin mai na psi, idan kuma aka umarci solinoyid ɗin da ke sarrafa ƙarfin mai da na'ura ya sake gaba ɗaya, allurar ta haura zuwa 170 ko 190. Idan allurar ta hau da umarnin na'ura amma ba ta hawa idan an taka totur a kan hanya, to famfo lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ake yi wa ƙarya, kuma masu ƙaryar su ne sensar totur ko sensar da ke auna iskar da injin ke shaƙa. Sensar iska mai datti tana gaya wa kwamfuta cewa injin ba ya ɗauke da kaya, ita kuma ta rage ƙarfin mai a daidai lokacin da kulocin ke buƙatarsa. Idan allurar ta ƙi hawa ko da umarni, matsalar tana famfo ko bawul ɗinsa. Idan kuwa ƙarfin ya cika ta kowace fuska amma ihun yana nan, to man yana zurarewa ne a kan hanyarsa ta zuwa kulocin, ko ta sil ɗin fistan ɗin da ke matse ɗamara, wanda ake iya ciro shi ta gefen giyar, ko ta wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke cikin jikin giyar a bayan wannan fistan, ko ta zoben da aka yanka wajen haɗawa, ko kuma an bar tazara mai yawa tsakanin faiban. Biyun ƙarshe ne kawai suke wajabta a sake saukewa.

Akwai ƙanshin gaskiya a maganar bakanikenka, domin kwamfutar tana koyon yadda giya ke kamawa tana gyara ƙarfin mai a hankali, kuma abin da ta koya daga tsohuwar giya bai dace da sabuwa ba. Maganin wannan shi ne a goge abin da ta koya da na'ura, aikin 'yan mintuna, ba a bar mai mota ya yi wata biyu yana jiran kaya su zauna ba. Ka kuma tambaye shi ko ya wanke bututun da ke kai mai lagireto da bututun sanyaya mai da ke cikinsa, domin garin faiban da suka ƙone a can yake taruwa, kuma da zarar an tayar da mota yake komowa cikin sabon balbodi ya maƙale bawul.

Kafin a kammala wannan bincike, kada ka ɗora wa motar kaya, kada ka ja komai da ita. Ka koma wurin wanda ya yi aikin tun man bai canza launi ba, ka nemi a karanta lambobin a gabanka ka rubuta su a takarda, a ɗaura agogon auna mai a fita gwaji kana zaune a gefe motar tana da zafi, sannan a cire tasa a duba maganaɗisun da ke cikinta. Laushin toka kaɗan a jikinsa ba komai ba ne bayan sabon aiki, amma idan aka tarar da baƙin gari mai yawa a gindin tasar, to kulocin ya riga ya ƙone a karo na biyu, kuma a lokacin ne za a sauke giyar, a kan kuɗin wanda ya haɗa ta idan binciken ya nuna daga haɗin ne.