Ƙarar "gum" a bayan motar Honda CR-V idan an taka totur

Malam, ka ce CR-V ɗinka na yin "gum" ta baya in ka taka totur ko ka sa ribas, ka canza shokazoba amma shiru. Nima na sha wannan, bushin ɗin roba da ke riƙe da difaranshal (giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya) ne ya tsage, robar ta mutu sai ƙarfe ke dukan ƙarfe. A ɗaga motar a gareji a sa ƙarfe a girgiza difaranshal ɗin, za ka gani da idonka.

Amma abin da ya fi damuna shi ne firam ɗin da aka ɗaure shi a kai, musamman in tokumbo ce daga Kanada, gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye shi da tsatsa. In ya ruɓe don Allah kar ka yarda a liƙa walda a kai, nemi ƙwararren bakanike ya canza shi, sannan a yi alaimen.