Kogin da muke zaune a bakinsa ba baƙonmu ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaye ni me ya sa muke zaune bakin kogin da yake cinye mana gidaje kowace shekara, me kuma ya hana mu tattara mu dawo Sakkwato. Na san hotunan ambaliya ka gani a waya, tausayi ne kuma ya sa ka yi tambayar. To, ba kowace shekara ba ce. Sannan Sakkwaton da kake kira gida, kakana ne na ƙarshe a zuri'armu da ya taɓa ganinta, yana yaro ya baro ta a ƙafa, a ayarin da ya nufi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya kafa garin da ake kira da sunansa kudu da Sinnar, a nan ƙasar Sudan. Mu namu suka gangara ƙasa kaɗan, suka zauna tsakanin Sinnar da Wad Madani.

Kogin nan Bahar Azrak ake ce masa, wato Blue Nile, reshen kogin Nilu, daga tabkin Tana na Habasha ya taso. Abin da ba za ka gane daga hoto ba shi ne, ruwan da ke yi mana ɓarna ba a kanmu ake yinsa ba. Sai ka ga gari garau, ko hadari babu, amma kogi na ta hawa, saboda ruwan da ake tafkawa a tsaunukan Habasha daga Yuni zuwa Satumba. Kafin Habasha ta gina babbar madatsarta, kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da kogin ke kawowa a shekara, tsakanin Yuli da Oktoba yake wucewa. A Afrilu sai ka ga yashi ya fito fili a tsakiyarsa, yara na wasa a kai. Da Agusta ta kama kuwa, ruwan ya yi kauri ya koma kamar kunun kanwa, yana ɗauke da kututture da mushen dabbobi. Wannan lokaci shi muke kira damira.

Kuma ba a makance muke zaune ba. Fiye da shekara 100 ke nan ana rubuta tsayin kogin nan kullum. Akwai ma'auni a Daim, can kan iyakar Habasha, akwai a Rusairis, da Sinnar, da Wad Madani, da Khartum. Allo ne mai lambobi a kafe a gefen ruwa, wani ma'aikaci ya je da sassafe ya duba, ya rubuta, ya aika. Mahaifina bai yi boko ba, amma idan damira ta zo ba mai yi masa magana lokacin da rediyon Omdurman ke karanta lambobin. Na Daim yake jira. Da ya ji shi sai ya yi lissafi a ransa, ya ce a kwashe buhunan dawa daga ɗakin ƙasa, ko ya ce a kwanta a yi barci. Ruwan da ya wuce Daim yau, sai bayan 'yan kwanaki yake iso mana, a tsakanin nan mutum yake yin shirinsa.

Shekarun da ke cikin littafin gwamnati su ne shekarun da tsofaffinmu ke ƙirga haihuwa da mutuwa da su. A 1913 kogi ya yi ƙasa ƙwarai, lokacin da ku ma can kuke fama da yunwar Kakalaba. A 1946 aka yi babbar ambaliya. A 1984 fari ya zo. A Agustan 1988 ruwan sama da na kogi suka haɗu a kan Khartum, mutum fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Sai 2020, da ma'aunin Khartum ya haura mita 17 da rabi, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara rubutun. An rasa rayuka sama da 100, gidaje sama da 100,000 suka rushe ko suka lalace, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku.

Mu ma muna da namu littafin. Akwai wata tsamiya a bayan gidanmu, kakana ya buga ƙusa a jikinta daidai inda ruwan 1946 ya tsaya. Itacen ya kusa haɗiye ta, kan kawai ake gani, ya yi tsatsa. Mahaifina ya buga tasa a 1988. Ni na buga ta uku a 2020, ta zarce duka biyun, na ɗaga ƙaramin ɗana ya taɓa ta da hannunsa. Kakata kuwa idan ka tambaye ta shekarun wani, sai ta ce an haife shi damina biyu bayan ƙusar Malam.

Me ya sa ba ma matsawa can tudu? Saboda idan ruwa ya janye yana barin laka baƙa a gaɓa, wadda muke kira juruf. A nan muke shuka albasa, kuɓewa, tumatir, wake, ba taki ba komai. Wasunmu masunta ne, wasu na da lambun ayaba da mangwaro. Kai da ka san fadamar Rima ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ai da ruwan Goronyo ya malale a 2010, ban ji an ce mutanen fadama sun bar ta har abada ba.

Idan kogi ya yi barazana ana kiran nafir, wato gayya. Kowa ya fito da buhu da shebur, a yi layi ana miƙa buhunan ƙasa hannu zuwa hannu har a ɗaga tiras ɗin da ke tare ruwa. Dare ake raba shi, wasu na gadi da fitila, mata na kawo shayi da kunu. A layin nan ba a tambayar wane ne Bahaushe, wane ne Balarabe. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin da kuka kwana kuna miƙa wa juna buhu, idan ɗanka ya nemi 'yarsa sai ka ji an fara kewaye-kewaye, a bayan ido kuma a ce ai Fallata ne, sunan da suke kiran duk wanda asalinsa Yammacin Afirka ne. Su dai suna auren namu. Ƙanwata tana gidan ɗaya daga cikinsu, yana riƙe da ita da mutunci, 'ya'yanta na jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Abin yana sauyawa a birni, sai dai a hankali.

Ku kuma daga can kuna cewa Hausarmu ta gauraye, wai mun zama Larabawa. Gaskiya ne akwai Larabci a bakinmu, yadda Turanci ya cika naku. Amma a gidana da Hausa ake faɗa, da ita ake sulhu, da ita ake yi wa yaro huɗuba a kunne kafin a raɗa masa suna ran bakwai. Allo yana nan, lalle yana nan. Agashen da duk Sudan ke ci a bakin titi, hannunmu ne ya kawo shi.

A Yulin 2022 aka yi rikici a wajen Rusairis da Damazin, can saman kogin, kan wa ke da ƙasa, aka kashe mutane da yawa, namu da waɗanda ba namu ba. Ba na son tono shi. Zan dai ce kakanninmu sun tsinci auduga a Jazira, babban yankin noman rani na Sudan, tun bayan da aka gama madatsar Sinnar a 1925, kuma ƙusar kakana ta riga 'yancin Sudan na 1956 da shekara goma.

Abin da ya fi damuna yanzu, ban da yaƙin da ya ɓarke tun Afrilun 2023, shi ne lissafin mahaifina ya daina aiki yadda yake yi. Habasha ta gina babbar madatsa kusa da iyaka, mai ɗaukar ruwa mita kubik biliyan 74, ta fara tara ruwa a Yulin 2020. A watan nan kogi ya ja baya ba zato, har wasu tashoshin ruwan famfo na Khartum suka tsaya. Masu ilimin ruwa na cewa madatsar za ta rage manyan ambaliya, ta kuma sa ruwa ya wadata da rani, ina kuma fatan haka ne. Sai dai lakar da muke noma a kai, can take kwanciya a bayan bangon. Masu buga jan bulo a bakin kogi sun fara kuka, ni ma na fara sayen takin da mahaifina bai taɓa saye ba. Lambar Daim yanzu ba ruwan saman Habasha kaɗai take faɗa ba, har da ƙofa nawa aka buɗe, abin da ba tsoho ba malami da zai iya hasashensa. Shi ya sa Sudan ta dage a riƙa musayar bayanan ruwa kullum, a kuma sa hannu kan yarjejeniya. Kafin a samu wannan, idan damira ta kama, ɗan ƙanen mahaifina da ke Damazin nake kira bayan sallar asuba, ya gaya mini yadda ruwan ya kwana a wajensu.