Wane ido guduma za ta ɓata?

Jiya da na tsayar da kai kana dukan boris ba tabarau, ka ce mini, "Maigida, ai ba walda nake yi ba, duka biyu ne kawai. Wane ido guduma za ta ɓata?" Lokacin mai aiki na tsaye a kanmu, shi ya sa na ce ka sa tabarau kawai, na wuce. Zauna yanzu ka ji amsar.

Hasken walda da kake tsoro yana ƙona saman ido, ka kwana kana hawaye kamar an zuba maka yashi, amma galibi cikin kwana biyu zuwa uku ya warke. Ni abin da ke hana ni barci shi ne ɓarɓashin da zai huda ido ya shige ciki. Kuma likitocin ido sun daɗe suna faɗa cewa a cikin ayyukan da ke jefa ƙarfe cikin ƙwayar ido, dukan ƙarfe da ƙarfe ne kan gaba.

Ka dubi boris ɗin nan da kan gudumarka. Dukkansu ƙarfe ne da aka taurara. Ƙarfe mai laushi in ka doke shi lotsawa yake yi, shi kuwa mai tauri tsaguwa yake, ya harbo wani ɗan yanki mai kaifi wanda wani lokaci bai kai kan allura ba. Fatar gaban ido, wannan mai garai-garai, kaurinta a tsakiya kamar rabin milimita ne. Kafin ka ƙifta, ya riga ya wuce. Haka kurfin da kansa ya baje saboda yawan duka: leɓen nan da ya nannaɗe a gefe, shi ne ke ɓallewa ya tashi.

Wannan na gan shi da idona, yaro. Muna koyon aiki, wani abokina yana cire boris da guduma, sai ya dafe ido ya ce ƙura ce. Ya murza, ya wanke fuska, ya ci gaba da aiki har yamma. Ba jini, ba wani ciwon kirki. A kwana na uku idon ya yi jajir, ya kumbura, ya daina ganin hannunsa in ya ɗaga shi gaban fuska. Ƙwayoyin cuta sun bi ƙarfen sun shiga, ciki ya yi mugunya. An yi masa aiki, amma ganin bai dawo ba. Har yau in zai zuba ruwa a kofi sai ya fara taɓa bakin kofin da yatsa, don mai ido ɗaya ba ya auna nisa daidai. Duka biyu shi ma ya yi niyyar yi.

Ko cuta ba ta shiga ba, ƙarfen da ya zauna cikin ido yana tsatsa a hankali, yana cinye gani wata da watanni, mai shi bai san dalili ba. Jan ƙarfe ma yakan tayar da kumburi mai tsanani. Akwai kuma abin da mutane ba su cika yarda da shi ba sai sun ji daga bakin likita: wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, raunin ido ɗaya yakan sa jiki ya juya ya far wa ɗayan mai lafiya.

Bayan guduma sai giranda. Ƙaramar nan tamu mai faifan inci huɗu da rabi tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, bakin faifan yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. In ya fashe, da wannan gudun gutsattsarin za su tashi. Saboda haka kada in sake ganin ka cire marufinta wai don ka ga layi da kyau. Faifan da ya faɗi ƙasa ko ya tsage, jefar da shi. Sai wayar da aka ja ta yi tauri aka yanke, ta dawo kamar bulala. Ƙusar kankare da ta kauce wa guduma. Burushin waya na inji da ke zubar da gashinsa. Masu walda kuwa sukan ji rauni a lokacin da suka ɗaga hular fuska suna kankare kashin walda. Shi ya sa tabarau ke zama a ƙarƙashin hular, ko an ɗaga ta yana nan.

Kuma ba kowane tabarau ba. Na rana ko na karatu mai gilashi, in abu ya buge shi fashewa zai yi ya ƙara maka rauni. Wanda nake nufi na roba ne mai ƙarfi da ake kira folikabonet, mai kariya ta gefe, don ɓarɓashi yakan zo ta gefe daga aikin wani. Duba hannunsa: in ka ga Z87+, ma'aunin Amurka ne na jure bugu mai ƙarfi, in ka ga EN 166, na Turai ne. Aikin giranda kuwa sai ka ɗora garkuwar fuska a kan tabarau. Na san ƙorafinku: zufa, hazo, karce. Gaskiya ne, ni ma yana damu na. In ya yi hazo ka ajiye kayan aiki, ka goge, ka mayar. In ya karce har ba ka gani sosai, zo ka karɓi wani, ban taɓa hana kowa ba. Wanda ke riƙe maka ƙarfe shi ma ya sa nasa, ɗan kallo kuwa ka matsar da shi nesa kafin ka ɗaga guduma.

In kuma tsautsayi ya faɗa, a kanka ko a kan wani, riƙe wannan da kyau. Kana dukan ƙarfe ka ji abu ya taɓa maka ido, ɗauka ya shiga ciki har sai likitan ido ya ce a'a, musamman in gani ya dushe ko baƙin tsakiyar ido ya karkace ya daina zama zagayayye. Kada a murza, kada a danna, kada a ɗiga magani, kada a kawo maganaɗisu ko filaya. In abu ya kafe, a bar shi yadda yake. A yanke gindin kofin takarda a kifa a kan idon, bakinsa ya zauna a kan ƙashi, a manne da filasta. Kada mai raunin ya ci ko ya sha komai, don wataƙila a shiga da shi tiyata, kuma likitoci sun fi son a ɗinke irin wannan rauni cikin awa 24. A gaya musu ƙarfe ake duka, domin su ɗauki hoton CT. Na'urar hoto ta MRI kuwa maganaɗisu ce, tana iya motsa ƙarfen a cikin ido. A tuna musu da allurar tetanus.

Gobe da safe kafin ka taɓa komai, ɗauko kurfin nan uku da kawunansu suka baje, in nuna maka yadda ake gyara su a dutse. Boris ɗin jiya kuma da injin janyewa za mu cire shi, yana cikin akwatin ƙasa.