Tambaya da Amsa: Shin wanda ya saba hawa Dala zai iya hawa Dutsen Bisoke?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mazaunin unguwar Gwammaja. Harkar kasuwanci za ta kai ni Kigali, babban birnin Ruwanda, kuma abokin hulɗata na can ya ce in ware yini guda mu hau Dutsen Bisoke, wanda aka ce akwai tafki a ƙolinsa. Shekaruna sun haura arba'in, amma nakan hau Dala da sassafe ba tare da na tsaya hutawa ba. Shin wannan ya isa shiri, kuma wane lokaci ne ya fi dacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Hawan Dala motsa jiki ne mai kyau, ka ci gaba da shi, amma bai isa ya zama ma'auni ba. Birnin Kano bai kai mita 500 bisa doron teku ba, Dala kuwa cikin 'yan mintuna mutum yake gamawa da ita a kan matakala busasshiya. Bisoke tsayinsa mita 3,711 ne, dutse ne mai aman wuta daga jerin duwatsun Virunga, yana kan iyakar Ruwanda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, a cikin gandun dajin Volcanoes da ke kusa da garin Musanze. Inda mota take ajiye masu hawa ma ya zarce Chappal Waddi ta jihar Taraba, wadda ita ce ƙololuwa mafi tsayi a Nijeriya da mita 2,419. Daga inda motar ta tsaya ake fara tafiyar ƙafa, kuma hawa da sauka sukan cinye kusan awa shida ko fiye.

Abin da ya fi kayar da mutanen ƙasa mai shimfiɗa irin tamu shi ne ƙarancin iskar shaƙa. Daga wajen mita 2,500 zuwa sama, kowane numfashi yana shigar da iskar oksijin ƙasa da yadda jiki ya saba samu, sai mutum ya ji haki yana kama shi bayan 'yan taku kaɗan, wani kuma ya fara ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Wannan ba ruwansa da ƙarfin jiki, domin yakan kama matashi ɗan ƙwallo ya bar dattijo. Saboda haka kada ka taso daga Kigali da asuba ka wuce kan dutse kai tsaye. Ka kwana a Musanze, in da hali dare biyu, domin garin yana kan tudu sosai kuma jiki yakan fara sabawa a can.

Akwai wani batu da nake so ka ɗauka da muhimmanci fiye da komai, saboda ya shafi mutanenmu kai tsaye, shi ne sikila. Mai ɗauke da SS bai kamata ya kusanci irin wannan tsayi ba sam, tunda ƙarancin oksijin yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Shi ma mai AS, wanda yake rayuwarsa lafiya ƙalau a Kano, yana iya gamuwa da toshewar jini a saifa idan ya haɗa tsayi da gajiya da ƙishirwa, kuma alamarsa ita ce ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Gwajin nan da ake yi kafin aure shi ne zai nuna maka matsayinka. Ka je wurin likita da sakamakon, ya kuma duba hawan jininka da zuciyarka, kafin ka biya kuɗin izinin shiga gandun dajin.

Hanyar kanta taɓo ce. Ana ratsa gonakin dankalin Turawa, a tsallake katangar duwatsu da ta raba gonaki da daji, daga nan sai hawa tsaye cikin kurmi mai danshi, inda ƙafa takan nutse har idon sawu, mutum yana kama saiwoyi da rassan bishiya yana jan jikinsa. A gefen hanya akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da yake harbi ko ta cikin yadi marar kauri, shi ya sa ake sa safar hannu da dogon wando. Takalmi kuwa sai sawu-ciki mai rufe idon sawu, mai gurza-gurza a tafinsa, wanda ka riga ka yi yawo da shi har ya saba da ƙafarka. A ganina saukowa ta fi hawa wahala, domin a lokacin gwiwa ta gaji, santsi kuma bai ragu ba. Ka riƙe sanda, ka kuma ɗauki ɗan dako daga mutanen yankin. Babu abin kunya a ciki, sana'arsu ce, kuma hannunsa ne zai tare ka a wurin zamewa.

Game da lokaci, ruwa yakan yi sauƙi daga Yuni zuwa Satumba, sai kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, amma daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi. Ko a ranin nasu ka tafi da rigar ruwa da rigar sanyi, domin zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Ba a shiga dajin sai da izinin hukumar raya ƙasa ta Ruwanda, ana taruwa da sassafe a ofishin gandun da ke Kinigi, kuma jagora da masu tsaron daji suna tare da ayari har a dawo, tunda wurin mazaunin goggon biri (gorila) ne da ɓauna.

Tafkin yana cikin ramin da aman wuta ya bari a ƙoli, ruwa ne mai duhu kewaye da ciyayi, kuma ba a yarda a yi iyo a cikinsa ba. Sai dai ka sani hazo yakan rufe shi, har mutum ya iso bakin ramin bai ga komai ba sai fari fat. Wani lokaci iska ta yaye shi na ɗan lokaci, wani lokaci kuma a sauko haka nan. Idan likita ya hana ka zuwa ƙoli, ko jagora ya ce ka juya saboda ciwon kai ya ƙi sauka, ka bi maganarsu. A gefen dutsen akwai ƙaramin tafkin Ngezi da hanyarsa ta fi sauƙi, sannan ga tagwayen tafkunan Burera da Ruhondo kusa da Musanze, waɗanda mota take kai mutum tudun da zai hange su.

Kafin tafiyar, ka mayar da hawan Dala sau da yawa a jere a fita guda, da jaka mai ɗan nauyi a bayanka, ka haɗa da Goron Dutse, kuma ka riƙa saukowa a hankali domin gwiwa ta koyi aikin da ke jiranta.